Gwaggo Ba Ta Fito a Kashi na Biyu Ba

Har yau idan hira ta biyo ta kan fina-finan ban tsoro, aka fara gardamar ko kashi na ɗaya ya fi na biyu, ni ba na sa baki. Abin faɗa kam ina da shi. Akwai wani fim da na san na ɗayansa da na biyunsa kamar ni na shirya shi, domin a bayan gidanmu aka ɗauki na ɗayan, kuma gwaggona ce ta fito a mayyar da ke ciki.

Unguwarmu tana ƙasar Bagwai, irin wuraren nan da gona ke manne da gona, kana tsaye a ƙofar gidanku kana hango rumbunan maƙwabta. Kakanninmu al'adar gargajiya suka bi, iyayenmu suka shiga addinin Kirista, mutanen cikin gari kuwa Musulmi ne. Kasuwarmu ɗaya da su, gayyar noma ma tare ake yi. Gwaggo yayar Baba ce. Mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya yi tsawon rai, shi ne ta dawo gidan ƙaninta aka ba ta ɗaki kusa da rumbuna. Ni a lokacin na gama koyon ɗinki, na kafa kekena a zaure, kuma duk ranar kasuwa ni ke raka ta da ƙwaryar daddawa.

Daddawar Gwaggo ba sai an yi mata talla ba. Da bazara take sayen kalwa ta tara. Ta wuni tana dafawa, ta surfa da toka, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe a kwando da ganye har ta yi, sannan ta daka ta mulmula ta shanya. Ranar da ta buɗe kwando ko akuya sai ta canza hanya, amma miyar da ta ji daddawar nan ba a rage ta a kwano. Babbar mai sayenta ita ce Hajiya mai tuwo a bakin kasuwa, ƙawarta tun suna 'yan mata. Kafin kasuwa ta cika Hajiya ta kwashe rabin ƙwarya, suna ciniki suna tsokanar juna, wannan ta ce wa waccan tsohuwa, waccan ta rama. Da daddawar nan Gwaggo ke sayen zanenta da sabulunta da goronta. Ba ta taɓa miƙa wa Baba hannu ba, kuma tana ji da wannan ƙwarai.

Abu na biyu da aka san ta da shi shi ne wasan kwaikwayo. Duk Kirsimeti matan ikilisiyarmu sukan shirya wasa, kuma kullum rigimar ɗaya ce, babu mai son fitowa a mugu. Gwaggo ke ɗauka. Ta ari babbar rigar Baba, ta liƙa gemun auduga, ta shigo tana muzurai, yara su ɓuya a bayan iyayensu. Idan an gama sai 'yan wasa su jeru a gaba, ta cire gemun a gaban kowa, a yi ta tafi ana dariya.

'Yan fim sun zo mana da damina, dawa ta wuce tsawon mutum. Samari ne daga wajen Rijiyar Zaki, sun cika wata tsohuwar bas da kaya. Tsofaffin rumbuna suke nema da siririyar hanya a cikin dawa, aka ce musu su zo unguwarmu. Sun yi sallama da Baba a ƙofar gida kamar yadda ya kamata, ya ba su izini. Sai dai matar da za ta fito musu a tsohuwa ba ta zo ba, sun jira ta har sun gaji. Mai shirya fim ɗin, wani siririn saurayi mai yawan magana, ya zagaya bayan gida ya tarar da Gwaggo a gindin tukunyar kalwa, hayaƙi ya turnuƙe ta. Ya tsaya yana kallon ta, sannan ya durƙusa ya gaishe ta.

"Iya, za ki iya fitowa a muguwar tsohuwa?"

"Ɗan nan, ni da na fito a sarkin da ya sa aka yanka jarirai? Je ka tambayi mai gidan."

Baba ya yi dariya ya ce ai sana'arta ce, su je su yi. Ni kaina murna na yi, har da goge mata zane. Da suka kawo gawayi da farar ƙasa za su shafa mata a fuska, ta ture hannun yarinyar da ta zo shafa mata.

"Wace muguwa kika taɓa gani ta shafa gawayi ta zauna? Bar ni da fuskata."

Haka suka bar ta, da ɗankwalinta na kullum da zobenta na azurfa.

Labarin ba shi da wata sarƙaƙiya. Wata budurwa ce ke bi ta cikin dawa zuwa rijiya. A bakin hanya akwai tsohuwa zaune a gindin rumbu tana tsintar kalwa a faifai. Duk wucewa sai tsohuwar ta ce, "Sannu 'yar nan, ina gajiya? Ya mutan gidan?" Budurwa ta amsa ta wuce. Sai hannun tsohuwar ya tsaya cak a kan faifan, ta bi bayan yarinyar da ido har dawa ta rufe ta. Shi ke nan abin da Gwaggo ta yi. Daga baya budurwar ta kwanta ciwo, tana sambatu tana kiran tsohuwar. Da tsakar rana a riƙa jin ƙarar taɓarya a turmi, a leƙa ba kowa. Babu jini, babu dodo, kuma duka da rana aka ɗauka. A ƙarshe mutanen gari suka ɗauko sanduna suka nufi ɗakin tsohuwar, sai rubutu ya fito, wai mu haɗu a kashi na biyu.

Yawanci tare ake ɗaukar na ɗaya da na biyu. Waɗannan samarin sun yi ta jan ƙafa har aka yanke dawa, fili ya buɗe tun daga gidanmu har bakin titi. Labarinsu kuwa ba ya tafiya sai da duhun dawa, don haka dole suka jira wata daminar.

Da kaset ya fito, a gidan Hajiya mai tuwo mata suka taru da la'asar, saboda ɗanta yana da talabijin da janareta. Gwaggo ta ɗaura zanenta na zuwa coci muka tafi. Da fuskarta ta fito aka kaure da shewa, ana cewa ga ta nan, ga ta nan. Da ta yi gaisuwar nan aka yi dariya, domin babu wanda ba ta taɓa gaisarwa haka ba. Da hannunta ya tsaya a kan faifai, tsakar gidan ta yi tsit. Ni da nake cin abinci daga hannunta kullum, sai da tsigar jikina ta tashi. Na ga matar da ke kusa da Gwaggo ta jawo ɗanta ta ɗora a cinya.

A hanyar gida Gwaggo sai fara'a take yi. "Kin ga yadda suka yi shiru?" in ji ta. "Ko tari babu wadda ta yi."

Da yara aka fara. Idan ta gaishe su sai su ce "Kurwata kur!" su watse da gudu, kamar yadda ake yi idan an haɗu da wanda ake zargi da maita. Ita ma dariya take yi, har takan yi kamar za ta bi su. Kada wani ya ɗauka mutanenmu ba su san fim ba ne, sun sani sarai. Sun ga ana saita na'ura, wasu ma su suka riƙe wa 'yan fim lema. Maganar da ta fara yawo ita ce, wasa ne kam, amma a ina ta koyi irin wannan kallon? Daga nan wani ya tuno cewa 'ya'yanta duk sun mutu suna ƙanana. Shekara da shekaru ana tausaya mata a kan wannan, rana ɗaya aka juya shi ya zama hujja.

A wurinmu babu mai zuwa ya ce maka kai maye ne, sai dai a daina cin abin hannunka. Ƙwaryar da ke ƙarewa kafin azahar ta fara kaiwa la'asar, daga baya muka riƙa dawowa da ita gida kusan a cike. Masu wucewa suna gaisawa da ni, idonsu na wani wuri. Wata ranar kasuwa na hango 'yar aiken Hajiya tana sayen daddawa a layin baya. Raina ya ɓaci, na tashi na same ta a rumfarta.

"Hajiya, me Gwaggo ta yi miki?"

"Wallahi 'yar nan, ba ni ba ce. Masu cin tuwo ne ke tambaya ta daddawar wa na sa. In na ce tata ce, su ajiye kwano. Ya zan yi?"

Ba ta iya haɗa ido da ni ba. Na so in faɗa mata maganar da ba za ta manta ba, amma sa'ar uwata ce, na haɗiye na koma.

Kada in ɗora wa mutanen gari kaɗai, namu ma ba su fi su ba. A coci bencin da Gwaggo ke zama ya fara samun fili dama da hagu. Fasto ya yi magana a kai, limamin gari ma ya yi a wurin wani suna, ya ce zato zunubi ne. Kowa ya gyaɗa kai, aka ce gaskiya ne, amma ba wanda ya dawo sayen daddawa.

Gwaggo ba ta ɗaga hankalinta ba, ko kuma ba ta nuna mana ba. Ta rage yawan kalwar da take dafawa, ta ci gaba da zuwa kasuwa. Mun gwada kasuwar Kunci, muka tarar kaset ya riga mu zuwa. Idan na fara faɗa a hanya sai ta ce, "Ke dai kin cika gaggawa. Wasa ne ba a gama ba. An bar mutane da sanda a hannu, me kike so su yi? Bari dawa ta tashi." Duk shekarar nan da wannan maganar ta rayu. Da aka yi shuka, ita da ba ta noma, kullum sai ta zaga bayan gida ta ga inda dawa ta kai.

Dawa ta tashi, bas ta dawo. Baƙo a wurinmu da mai gida yake magana a ƙofa, ba ya zarcewa wurin mata, kuma wannan karon Baba ya riga ya tsaya a ƙofar kafin su gama fitowa daga mota. Ina zaure a kan keke, don haka komai a kunnena aka yi. Saurayin nan ya durƙusa ya yi gaisuwa, Baba ya amsa a daƙile.

"Baba, mun zo ƙarasa aikin nan ne. Kashi na ɗaya ya karɓu sosai, kowa Iya yake tambaya."

"Mun ga karɓuwa. Ku koma inda kuka fito."

"Baba, ku yi haƙuri ku bari in faɗa muku yadda labarin zai ƙare."

"Na ga yadda ya fara, ya ishe ni. Kun zo kun sa 'yar'uwata a bakin duniya, kun shiga mota kun tafi. Yanzu kuma me ya rage ba ku ɗauka ba?"

Baba mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin muryarsa ta yi sama haka ba. Gwaggo ta ji daga ciki, ta taho ta tsaya a ƙofar zaure ta cikin gida, ludayi a hannunta.

"Kai, bar ni in ƙarasa abin da na fara," in ji ta. "Ba a barin wasa a tsakiya."

"Yaya, wanda aka yi bai ishe ki ba? Muddin ni ne mai gidan nan, fuskarki ba za ta sake shiga akwatin nan ba."

Ita ta goye shi yana jariri, amma a gidansa take zaune. Ta dube shi, ta dube ni, ta juya ta koma ciki. Saurayin ya ƙara buɗe baki, Baba ya nuna masa hanya. A ranar ban ga laifin Baba ba, har yau ma ba na iya ganin sa sosai. Shekara guda yana kallon yayarsa tana dawowa da ƙwarya a cike, abin da ya iya yi ke nan.

'Yan fim suka koma cikin gari, suka sami wasu rumbunan da wata gonar dawa. Suka ɗauko wata 'yar wasa daga birni ta maye gurbin Gwaggo, mutanen gari da wasu 'yan unguwarmu suka shiga a matsayin taron jama'a. Babu mai yin zancen fim ɗin a gabanmu, don haka ba mu san abin da aka ɗauka ba.

Lokacin da kashi na biyu ya fito, kallo ya fara komawa waya. Na je rumfar masu tura fim a kasuwa na ce a sa mini. Samari ne cike a wurin suna hirar sa, ba su lura da ni ba.

"Na biyun nan shirme ne," in ji wani. "Ni dariya ma ya ba ni."

"Ai dole," in ji na kusa da shi. "Wannan da gani ka san wasa take yi. Ta farkon fa?"

Sai aka yi wata 'yar dariya. Ashe rashin kyan na biyun ma a kan Gwaggo zai ƙare. Na karɓi wayata na fita, na ƙudura ba zan nuna mata ba.

Kwana kaɗan ta ji labari. Wata rana da hantsi, Baba yana gona, ta kira ni gindin rumbu ta shimfiɗa tabarma.

"Kawo abin nan in gani. Kar ki ce mini babu."

Na zauna kusa da ita na kunna. Gaskiyar samarin nan ce, shirme ne. An shafe matar da gawayi, an barbaɗa mata gari a kai don ya zama furfura, an liƙa mata farata zaƙo-zaƙo. Idonta na fitar da jan wuta irin wadda ake sawa da kwamfuta, tana dariya tana ɗaga hannu sama, ana ta buga kiɗa mai firgitarwa. Ta tashi sama, ta rikiɗa ta zama kyanwa, ta dawo. A na ɗaya ba ka san ta inda tsoron ke shigar ka ba, a nan kuwa tun daga nesa ake sanar da kai cewa ga shi nan tafe. A tsakiya kuma, budurwar da aka bari rai a hannun Allah ta miƙe ta yi waƙa da rawa da saurayinta a bakin ruwa, wai mafarki take yi.

Gwaggo ta riƙe wayar da hannu biyu tana gyara musu. "Ji wannan, me ya kai ta ihu? Dubi yadda ta riƙe faifai, wannan ba ta taɓa tsintar kalwa ba." Da matar ta zama kyanwa, Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. Rabon da in ji dariyarta haka na manta, sai na ji sanyi a raina, na ce ashe ma da tuni na nuna mata.

Can wajen ƙarshe labari ya juya. Ashe tsohuwar ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Kawun budurwar ne ya binne asiri a hanyar rijiya don ya cinye gonar gadonta, jan idon da tashi saman nan duk a tunanin mutanen gari ne. Aka tono asirin, yarinya ta warke. Abin da saurayin nan ya so faɗa wa Baba ke nan a ƙofar gida. Sai ga tsohuwar an wanke mata gawayi, tana zaune a gindin rumbu da fuskarta ta 'yar birni, jama'a sun taho sun zubar da sanduna. Suka zube a gabanta, maza da mata.

Gwaggo ta daina dariya. Ta matso da wayar kusa da idonta ta fara gane su ɗaya bayan ɗaya. Ga mai nama, ga matar da ta jawo ɗanta ranar kallo, ga biyu daga cikin matan cocinmu. A sahun gaba ga Hajiya mai tuwo, gwiwa biyu a ƙasa, ta kama ƙafar matar nan tana cewa, "Ki yafe mana, Iya, mun zalunce ki." Har da kukanta, kuma ta iya.

Mutanen nan sun san an wanke tsohuwar, da bakinsu suka roƙe ta gafara, amma wata baƙuwa suka roƙa wadda ta shiga mota ta koma birni. Tun daga ranar da aka ɗauki wannan wurin zuwa ranar da muke kallo an ci kasuwa ba adadi, ba wanda ya tsaya a gaban ƙwaryar Gwaggo. Bayan nan ma ba su tsaya ba, kuma da kalwar da ta tara ta ƙare ba ta sake saye ba.

Ban san Baba ya dawo ba sai da na ga inuwarsa a kan tabarma. Yana tsaye a bayanmu da fartanya a kafaɗa, ban san tun yaushe ba. Gwaggo ba ta waiwaya ba.

"Ka gani?" in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa, babu faɗa a ciki. "Durƙusawa za su yi mini."

Baba ya sauke fartanyar a hankali ya jingine ta da rumbu, ya tsuguna a gefen tabarma. Rubutun ƙarshe ya fara hawa, na miƙa hannu zan karɓi wayar. Gwaggo ta riƙe ta gam.

"Tsaya, 'yar nan. Mayar mini da shi baya, wurin da suka durƙusa."